Ko tsoron ta'addanci ya isa hujjar taƙaita shigar Musulmi ƙasashen Yamma?

A ranar 4 ga Yuni, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya rufe ƙofar Amurka ga 'yan ƙasashe 12, ya kuma taƙaita shigar 'yan wasu ƙasashe bakwai. Tsaro ne dalilin da ya bayar, har ya kafa hujja da harin da aka kai a garin Boulder na jihar Colorado kwana uku kafin nan. Wanda aka kama da laifin harin ɗan Masar ne da wa'adin bizarsa ya ƙare. Sai dai Masar ba ta cikin jerin ƙasashen da aka hana. A watan Disamba na shekarar aka faɗaɗa jerin, Nijar da Mali da Burkina Faso suka shiga sahun waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, Najeriya kuma ta shiga sahun waɗanda aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza.

Cikin ƙasashe 12 na farko akwai Afghanistan, Chadi, Iran, Libiya, Somaliya, Sudan da Yaman, waɗanda mafi yawan mutanensu Musulmi ne. Akwai kuma irin su Haiti da Myanmar da Equatorial Guinea, waɗanda ba haka suke ba. Daga nan ruɗanin ya taso: wasu na cewa hanin Musulmi ne aka sake wa riga, gwamnatin kuma na cewa ba ruwan matakin da addinin kowa. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ta girme wannan umarni: idan ana tsoron 'yan ta'adda masu fakewa da sunan Musulunci, shin rage shigar Musulmi zai kawo tsaro?

Baƙo suna ne da ya tara mutane iri-iri

Yawancin musun da ake yi yana ɓacewa ne tun daga ma'anar kalmomi. Mai bizar ziyara ko ta karatu zuwa yake na ɗan lokaci. Mai bizar ƙaura zama zai yi na dindindin, galibi ta dalilin aure, dangi ko aiki. Ɗan gudun hijira, a tsarin Amurka, ana tantance shi ne tun yana wata ƙasa, kuma aikin kan ɗauki wata 18 zuwa 24 kafin ya hau jirgi. Mai neman mafaka kuwa sai ya iso bakin iyaka ko ya shigo ƙasar sannan ya nema, a binciki lamarinsa yana ciki. Sai baƙon haure, wanda ya shiga ba izini ko ya zarce wa'adinsa. Kowace ƙofa da irin kulawarta da irin rauninta. Wanda ya yi musu kuɗin goro ba zai gane inda haɗarin yake ba.

Ita ma kalmar taƙaitawa hawa uku ce. Akwai hani saboda addini kai tsaye. Akwai hani saboda ƙasar da mutum ya fito. Akwai tsananta bincike a kan mutum ɗaya ɗaya saboda abin da aka sani game da shi. Babu wata gwamnati da ba ta yin na ukun, kuma ba a kansa ake jayayya ba. Rigimar tana kan na farko da na biyu, musamman inda ake zargin na biyun mayafi ne kawai aka lulluɓa wa na farkon.

Yadda maganar ta faro a Amurka

Ranar 2 ga Disamba, 2015, wasu ma'aurata Musulmi suka kashe mutum 14 a San Bernardino ta jihar California. Kwana biyar bayan haka Trump, lokacin yana ɗan takara, ya yi kira da a dakatar da shigar Musulmi Amurka gaba ɗaya. Da ya hau mulki, umarninsa na 27 ga Janairu, 2017, bai ambaci Musulmi da suna ba. Ƙasashe bakwai ya rufe wa ƙofa: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman, na tsawon kwana 90. Ya dakatar da karɓar 'yan gudun hijira na kwana 120, na Siriya kuma sai abin da hali ya yi.

Umarnin ya fara aiki nan take, mutane na cikin jiragen sama. A filin jirgin John F. Kennedy da ke New York aka tsare wani ɗan Iraƙi da ya shafe shekaru yana yi wa sojojin Amurka tafinta, ga bizarsa a hannu. Kotuna suka taka wa umarnin birki, aka sake rubuta shi a watan Maris aka cire Iraƙi, aka sake na uku a Satumba aka ƙara Chadi, Koriya ta Arewa da wasu jami'an Venezuela. Wannan na ukun ne Kotun Ƙoli ta amince da shi ranar 26 ga Yuni, 2018, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Babban Alƙali John Roberts ya ce dokar shige da fice ta 1952 ta ba shugaban ƙasa iko mai faɗi na hana shigar duk wani rukunin baƙi da ya ga zai cutar da ƙasar, kuma rubutun umarnin bai taɓo addini ba. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta ce kalaman Trump na baya sun isa su nuna inda aka dosa, ta kwatanta hukuncin da wanda ya halatta tsare Amurkawa 'yan asalin Japan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairun 2020 aka ƙara Najeriya da wasu ƙasashe biyar. Joe Biden ya soke duka a ranar da aka rantsar da shi a 2021.

Abin lura a nan shi ne kotun ba ta ce matakin yana kawo tsaro ba. Cewa ta yi shugaban ƙasa yana da ikon ɗaukarsa.

Hujjar masu son a taƙaita

Ba daga iska suka ɗauko tsoron ba. Mahara 19 na 11 ga Satumba, 2001, waɗanda suka kashe mutum kusan 3,000, dukansu da biza suka shiga Amurka. A harin Paris na 13 ga Nuwamba, 2015, inda mutum 130 suka mutu, biyu daga cikin waɗanda suka tayar da bam a filin wasa na Stade de France sun biyo ayarin masu gudun hijira ne ta tsibirin Leros na Girka, ɗauke da fasfo na Siriya. A 2011 an kama 'yan Iraƙi biyu a Bowling Green ta jihar Kentucky, waɗanda suka shiga a matsayin 'yan gudun hijira, suna ƙoƙarin aika wa Al-Ƙa'ida makamai da kuɗi; an kuma gano zanen yatsun ɗayansu a jikin wani bam da aka tsinta a Iraƙi. Matar da ta yi harin San Bernardino 'yar Pakistan ce da ta shiga da bizar aure, ta tsallake duk binciken da aka yi mata.

Daga waɗannan suke gina magana uku. Ta farko, tantancewa tana dogara ne da bayanan da ƙasar mutum za ta bayar. Ƙasar da gwamnatinta ta rushe, ko wadda ba ta ga maciji da Amurka, wa zai tabbatar da fasfonta? Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ko masu adawa da hanin sun yarda akwai gaskiya a cikinta. Ta biyu, riga-kafi ya fi magani: mutum ɗaya ya isa ya hallaka ɗaruruwa, don haka ƙanƙantar yawan maharan ba ta kwantar da hankali. Ta uku, shiga ƙasar wani alfarma ce, kuma haƙƙin farko da ke kan gwamnati na 'yan ƙasarta ne. A Turai ana ƙara ta huɗu: ko da baƙon da ya zo mutumin kirki ne, idan aka kasa shigar da zuriyarsa cikin al'umma, a cikin 'ya'yansa masu tsattsauran ra'ayi za su sami abokan tafiya.

Su wane ne suka kai hare-haren

Idan aka ɗauki hare-haren ɗaya bayan ɗaya aka auna su da jerin ƙasashen da aka hana, lissafin ba ya haɗuwa. Cikin maharan 2001, 15 'yan Saudiyya ne, biyu 'yan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaya ɗan Masar, ɗaya ɗan Labanon. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe a jerin 2017. Wanda ya kashe mutum takwas da mota a New York a Oktoban 2017 ɗan Uzbekistan ne. Wanda ya harbe mutum uku a sansanin sojin ruwa na Pensacola a 2019 hafsan sojan Saudiyya ne da ya je horo. Alex Nowrasteh na cibiyar bincike ta Cato da ke Amurka ya bi diddigin hare-haren da baƙi suka kai daga 1975 zuwa 2015, ya tarar 'yan ƙasashe bakwai ɗin nan na jerin 2017 ba su kashe ko mutum ɗaya a harin ta'addanci a cikin Amurka ba a tsawon lokacin. Wani daftarin rahoto na Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida da ya fito fili a Fabrairun 2017 shi ma ya nuna cewa ƙasar da mutum ya fito ba alama ce abin dogaro ba wajen gane mai haɗari.

Sai batun 'yan gida. Nidal Hasan, da ya kashe mutum 13 a barikin Fort Hood a 2009, haifaffen Virginia ne. Omar Mateen, da ya kashe 49 a Orlando a 2016, a New York aka haife shi. Mijin matar San Bernardino haifaffen Chicago ne. Wanda ya afka wa taron sabuwar shekara da mota a New Orleans a farkon 2025 haifaffen Texas ne, tsohon sojan Amurka. Haka abin yake a Turai: uku daga cikin mutum huɗu da suka kai harin Landan na 7 ga Yuli, 2005, a Ingila aka haife su, wanda ya tayar da bam a Manchester a 2017 ɗan garin ne, mafi yawan maharan Paris 'yan Faransa da Beljiyam ne, jagoransu ma a unguwar Molenbeek ta Brussels ya tashi. Waɗannan ba su tsaya layin biza a ofishin jakadancin kowa ba. Aƙidar ce ta iske su inda suke, ta intanet, ta gidan yari, ko ta abokai.

Masu son a taƙaita suna da amsa: ai iyayen wasu daga cikinsu baƙi ne, da ba a karɓi iyayen ba da ba a haifi 'ya'yan a can ba. Amma wannan ya riga ya bar fagen tantance haɗari. Hukunci ne a kan wanda ba a haifa ba tukuna, kuma zai faɗa kan miliyoyin iyalai da 'ya'yansu suka zama likitoci, direbobi, malamai da 'yan sanda. Cibiyar Pew ta ƙiyasta Musulmin Turai sun kai miliyan 25.8 a 2016, na Amurka miliyan 3.45 a 2017, na duniya kuma kusan biliyan biyu. Alamar da mutum biliyan biyu suka yi tarayya a kanta ba ta taimaka wa jami'in tsaro ya ware mutum ɗaya da yake nema. Sai dai ta cika masa tebur da fayil ɗin da ba su da alaƙa da aikinsa.

An ma taɓa gwada abin da ya yi kama da haka. A 2002 gwamnatin George W. Bush ta wajabta wa maza baƙi daga ƙasashe 25, waɗanda 24 daga cikinsu na Musulmi ne, su je su yi rajista a ɗauki zanen yatsunsu a yi musu tambayoyi. Sama da mutum 80,000 suka je. Fiye da 13,000 aka fara shirin korarsu saboda matsalar takardu. Ba a san ko mutum ɗaya da shirin ya kai ga ɗaure shi da laifin ta'addanci ba. An dakatar da shi a 2011, aka soke shi kacokan a 2016.

Akwai kuma ta'addancin da rufe wa Musulmi ƙofa ba zai taɓa ba ko kaɗan: mutum 168 a Oklahoma City a 1995, mutum 77 a Norway a 2011, mutum 23 a El Paso a 2019. Wanda ya kashe masallata 51 a Christchurch a Maris ɗin 2019 shi kansa baƙo ne a New Zealand, daga Ostareliya ya zo.

Inda aka fi samun ɓaraka

Idan aka koma kan baƙin da suka kai hari da gaske, abin da ke maimaita kansa shi ne hukuma ta riga ta san da mutumin, bayanin ne bai isa inda ya kamata ba, ko an yanke hukunci ba a zartar ba.

A Nuwamban 2009 mahaifin Umar Farouk Abdulmutallab ya tako da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja, ya shaida musu yana fargabar ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi a Yaman. An rubuta sunan a wata babbar taskar bayanai, amma ba a soke bizarsa ba, ba a sa shi a jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Ranar 25 ga Disamba ya hau jirgin da zai tafi Detroit da bam a jikinsa. Ikon Allah bam ɗin bai tashi yadda ya so ba, fasinjoji suka danne shi. Gargaɗin da ya fi kowanne daraja a wannan lamari daga bakin uba Musulmi ya fito, kuma Shugaba Obama da kansa ya amsa cewa hukumominsa ne suka kasa haɗa bayanan da ke hannunsu.

Anis Amri, ɗan Tunisiya da ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Kirsimeti a Berlin a Disamban 2016, an riga an ƙi ba shi mafaka, jami'an tsaro na sa masa ido, an san yana yawo da sunaye barkatai. Ba a mayar da shi gida ba saboda takardunsa ba su iso daga Tunisiya a kan lokaci ba. Ɗan Siriyan da ya kashe mutum uku a Solingen ta Jamus a Agustan 2024 ya kamata tun 2023 a mayar da shi Bulgeriya, inda ya fara shiga Tarayyar Turai, aka neme shi a masaukinsa ba a same shi ba, wa'adin ya wuce. Waɗannan gazawar gudanarwa ce mai suna da adireshi, kuma gyaranta sananne ne: musayar bayanai tsakanin hukumomi, ɗaukar zanen yatsu a bakin iyaka, saurin yanke hukunci a kan neman mafaka, da yarjejeniya da ƙasashe su karɓi mutanensu. Idan aka bar waɗannan aka koma kan addinin mai neman biza, an bar jaki ana dukan taiki.

Turai da dokar 'yan gudun hijira

Yanayin Turai ya bambanta da na Amurka. Teku biyu sun kange Amurka daga Gabas ta Tsakiya, tana iya zaɓar wanda za ta ɗauka tun yana sansani. Jamus kuwa a 2015 masu neman mafaka kusan 890,000 suka shigo mata cikin shekara ɗaya, da yawa ba a tantance su yadda ya kamata ba a lokacin. Don haka kukan da Turawa ke yi game da kula da iyaka yana da tushe fiye da na Amurka. Amma wasu shugabanni sun wuce nan: a 2015 Sulobakiya ta ce Kiristoci kaɗai take son karɓa, Hangari ta kafa shingen waya, a Holan kuma jam'iyyar Geert Wilders, wanda ya gina siyasarsa a kan adawa da Musulunci, ta fi kowace yawan kujeru a zaɓen 2023.

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana nuna bambancin launi, addini ko ƙasar asali, ta kuma hana mayar da mutum inda za a zalunce shi. Ita dai wannan yarjejeniyar ta ba ƙasa damar ƙin wanda ya aikata babban laifi ko ya zama barazana ga tsaronta. Sharaɗin shi ne a kafa hujja a kan shi mutumin. A aikace ma gwajin addini ba shi da makama: yawancin fasfo ba su ɗauke da addini, wanda ya yi niyyar kisa kuma ba zai ji nauyin musanta addininsa a gaban jami'in biza ba. Mai gaskiya ne zai amsa, a hana shi. Wani likita ɗan asalin Saudiyya da ya kai hari a Magdeburg ta Jamus a Disamban 2024 ya daɗe da barin Musulunci, ya yi suna wajen sukarsa. Da addini ake dubawa da ya wuce salin alin.

Waɗanda abin ke faɗa wa

Wani rahoton cibiyar yaƙi da ta'addanci ta Amurka na 2011 ya nuna cewa, inda aka iya gane addinin waɗanda aka kashe, kashi 82 zuwa 97 cikin ɗari na mutanen da ta'addanci ya hallaka a shekaru biyar da suka gabace shi Musulmi ne. Ke nan da yawa daga cikin masu ƙwanƙwasa ƙofar, daga Siriya, Somaliya ko Afghanistan, gudu suke daga mutanen da ake tsoro. Su kansu ƙungiyoyin suna son a raba gari: ISIS ta rubuta ƙarara a 2015 cewa burinta Musulmin Yamma su rasa wurin tsayawa tsakaninta da maƙiyanta, Al-Shabaab kuma ta sa kalaman Trump na 2015 a bidiyonta na neman mabiya.

Ga ɗaiɗaikun mutane, illar tana zuwa ne ta hanyar rabuwar iyali da karatun da ya tsaya. A 2018 wata uwa 'yar Yaman ta shafe watanni tana neman izinin zuwa ganin ɗanta ɗan shekara biyu, ɗan ƙasar Amurka, da ke kwance a wani asibiti a Oakland da ciwon ƙwaƙwalwa, na'ura ce ke riƙe da numfashinsa. Sai da labarin ya cika kafafen yaɗa labarai aka ba ta izini na musamman. Ta iso a Disamba, ta rungume shi, kwanaki kaɗan ya rasu. Waɗanda ke zaune a can ma ba su tsira ba: a Yulin 2024, bayan kisan yara uku a Southport ta Ingila, aka baza ƙaryar cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka, gungun mutane suka far wa masallacin garin, alhali a Cardiff aka haife shi, iyayensa 'yan Ruwanda ne.

Ƙasashe ma suna shiga jerin a kan dalilan da ba ta'addanci ba. Chadi, wadda sojojinta ke gaba gaba wajen yaƙar Boko Haram, ta faɗa jerin 2017 har da dalilin cewa takardar buga fasfo ta ƙare mata, ba ta iya aika samfurin da aka nema a kan lokaci ba. An cire ta a Afrilun 2018. Umarnin 2025 ya lissafa yawan masu zarce wa'adin biza da ƙin karɓar waɗanda aka koro a cikin dalilansa, waɗanda matsalolin shige da fice ne, an dai haɗa su da tsaro a takarda ɗaya. Da aka sake sa Chadi a wannan karo, Shugaba Mahamat Idriss Déby ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza.

Umarnin na Yuni bai shafi masu katin zama na dindindin ba, da masu ƙasa biyu da ke tafiya da fasfon ƙasar da ba a hana ba, da 'yan wasan da za su je Gasar Cin Kofin Duniya ko ta Olamfik, kuma bai soke bizar da aka riga aka bayar ba. Nauyinsa yana kan sabon mai nema. Tunda kuma hukuncin 2018 ya bar ikon a hannun shugaban ƙasa, ba sai an je majalisa ba kafin a ƙara ƙasa ko a cire ta. Ɗalibin da ya sami gurbin karatu, ko matar da ke jiran ta bi mijinta, na iya fara cike takardu ƙasarsu ba ta cikin jerin, kafin ranar ganawa da jami'in biza ta zo an saka ta.